Wa ke zaɓar abin da yara ke karantawa a aji?

Me ake nufi da cewa aƙidar masu mulki tana juya ilimi da adabi?

Mai riƙe da mulki shi ke riƙe da makaranta da maɗaba'a da albashin malami. Ba sai ya hana kowa rubutu ba. Ya ishe shi ya zaɓi littafin da za a buga, da wanda za a sa a manhaja.

Yaya abin ya kasance a ƙasar Hausa?

Kafin zuwan Turawa, da Larabci da ajami ake rubutu, kuma waƙoƙin su Nana Asma'u aƙidar jihadi suke koyarwa, wato wa'azi da gyaran hali. A 1909 Hans Vischer, wanda ake kira Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar boko a Nasarawa cikin Kano. Buƙatar gwamnati ita ce ta samu ma'aikatan En'e, wato hukumar gargajiya, masu riƙe lissafin haraji da rubuta rahoto. Abin da ya fi ciwo, malamin da ya sauke Alƙur'ani, yake rubuta wasiƙa da ajami, sai aka wayi gari ana lissafa shi cikin waɗanda ba su yi karatu ba.

To ƙagaggun labarai fa?

A 1933 Rupert East na Hukumar Talifi, wato hukumar gwamnati mai samar da littattafai, ya shirya gasar rubutu, don makarantu ba su da isasshen abin karantawa da boko. Daga nan aka samu Ruwan Bagaja, Shaihu Umar, Ganɗoki, Idon Matambayi da Jiki Magayi. Littattafai ne masu daraja, amma Bature ne alƙalin gasar, shi ne kuma edita. Haka jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, da aka fara a 1939, gwamnati ce ta kafa ta, har da niyyar kashe jita-jitar Jamus.

Ke nan marubuci ba shi da ta cewa?

Yana da ita. Ganɗoki da yaƙar Turawa ya buɗe. Marubutan soyayya na Kano kuwa, daga shekarun 1980, da kuɗinsu suka riƙa buga littafi suna kai wa kasuwa, mata irin su Balaraba Ramat Yakubu suka taɓo auren dole da zaman kishi. Hukuma ba ta ƙyale su ba: an kafa hukumar tacewa a Kano a 2001, a 2007 kuma aka ƙona irin waɗannan littattafai a bainar jama'a.