Rigimar Mayar da Kayan Tarihi da Muhawarar 1887 da Aka Manta

Tun daga watan Nuwamba na 2017, lokacin da shugaban Faransa ya tsaya gaban ɗalibai a Wagadugu ya ce yana son a samar da hanyar mayar da kayan tarihin Afirka gida cikin shekara biyar, maganar ta ƙi ci ta ƙi cinyewa. Faransa ta mayar wa Jamhuriyar Benin kayan fadar Abome guda 26 a 2021, Jamus ta ƙulla yarjejeniya da Najeriya a 2022 kan sallama mallakar kayan masarautar Benin ta ƙasar Edo fiye da 1,100, Holan kuma ta miƙo 119 a 2025. Mai bin labarin a kafafen sada zumunta zai iya ɗauka wani sabon yayi ne ya taso rana tsaka, kuma gardamar ba ta wuce tsakanin masu cewa a dawo da komai yanzu da masu tambayar wa zai kula da kayan idan sun dawo. Sai dai masu zama a teburin tattaunawa suna cin karo da wata matsala tun kafin a kai ga wannan gardama, wato da yawa daga cikin kayan da ke jibge a rumbunan gidajen tarihin Turai da Amurka ba su da takardar da ta faɗi wanda ya yi su, ko garin da suka fito, ko saye aka yi, ko kyauta, ko ƙwace.

Farkon labarin sananne ne. Daga ƙarni na 16 sarakuna da attajiran Turai sun riƙa ware ɗakuna suna tara abubuwan ban mamaki da matuƙan jiragen ruwa suke kawowa. Daga irin wannan taro ne aka buɗe gidan Ashmolean a Oxford a 1683, aka kafa babban gidan tarihin Birtaniya a 1753. A ƙarni na 19 aka fara keɓe gidaje don al'adun al'ummomi kaɗai: Leiden a 1837, Berlin a 1873, Faris a 1878, sai gidan Pitt Rivers na Oxford a 1884. A cikin waɗannan gidaje ne ilimin nazarin ɗan Adam da al'adunsa, wanda ake kira antropoloji, ya tashi ya girma. Ra'ayin da ya rinjaya a lokacin, wanda ake samu a littafin Edward Tylor na 1871 da na Lewis Henry Morgan na 1877, shi ne duk al'ummomin duniya tsani ɗaya suke hawa, wasu a matakin ƙasa, wasu a tsakiya, Turawa kuma a ƙololuwa. Tare da shi akwai fargabar cewa al'adun da ba na Turai ba suna gab da shuɗewa, don haka a tattara kayansu da gaggawa. Da mulkin mallaka ya buɗe hanya, kaya suka riƙa kwarara, wasu ta ciniki, wasu ta bakin bindiga, kamar dubban kayan tagulla da hauren giwa da aka kwashe daga fadar Benin a 1897.

Abin da ba a cika ambata ba shi ne, shekara goma kafin a kwashe fadar Benin an riga an yi muhawarar da ta girgiza tushen wannan aiki baki ɗaya. A 1887 wani matashi Bajamushe mai suna Franz Boas, wanda bai cika shekara 30 ba, ya rubuta a mujallar Science ta Amurka yana ƙalubalantar yadda aka jera kaya a gidan tarihin ƙasa da ke Washintan. Boas fiziks ya karanta tun farko, daga baya ya zauna da mutanen Inuit a tsibirin Baffin na arewacin Kanada tsakanin 1883 da 1884, sannan ya ɗan yi aiki a gidan tarihin Berlin kafin ya koma New York da zama. Wanda ya tsara kayan Washintan ɗin, Otis Mason, yana bin tsarin da manyan fagen suka amince da shi, wato a haɗa kaya iri ɗaya wuri ɗaya ko daga ina suka fito. Makamai a akwatin gilashi ɗaya, kayan kiɗa a wani, kayan saƙa a wani, kowane jeri daga mafi sauƙin ƙira zuwa mafi wuya, domin mai kallo ya ga yadda dabara take bunƙasa. Hujjar Mason kuwa ba ta wasa ba ce, domin cewa ya yi ɗan Adam ɗaya ne a ko'ina, idan buƙata ɗaya ta same shi a yanayi iri ɗaya, abu iri ɗaya zai ƙirƙiro.

Boas ya amsa cewa dalilai mabambanta suna iya haifar da abubuwa masu kama da juna, ya kuma kawo misali da abin girgizawa mai ƙara, irin cakin da ake yi da ɗan duma a zuba masa tsakuwa. A ido, na wannan al'umma da na waccan duk ɗaya ne. Amma wani an yi shi don kiran iskoki ko korar su, wani kuwa don kawai yara suna jin daɗin ƙara. Idan aka ɗora su gefe da gefe ƙarƙashin suna ɗaya, mai kallo zai ga siffa ya tafi bai san abin da ya sa aka yi su ba. Saboda haka ya nemi a jera kayan kowace al'umma tare, yana mai cewa ba a fahimtar abu sai a cikin rayuwar masu shi, da tarihinsu, da maƙwabtan da suka yi cuɗanya da su. A nan ne kuma ya rubuta cewa wayewa ba ta da ma'auni guda, kuma ra'ayoyin mutum suna zama gaskiya ne iyakar inda wayewar al'ummarsa ta tsaya. Mason ya mayar da martani, John Wesley Powell mai shugabantar ofishin nazarin al'ummomin asalin Amurka ya mara masa baya da cewa jera kaya ƙabila-ƙabila ba zai yiwu a aikace ba, tunda ƙabilu suna ƙaura, suna cakuɗuwa, suna aron kayan juna. Wannan ma magana ce mai nauyi, kuma har yau masu neman a mayar da kaya suna tuntuɓe da ita idan aka zo tantance wace al'umma ce mai abu.

Sannu a hankali ra'ayin Boas ya yi rinjaye. Daga 1896 ya kama aiki a gidan tarihin halittu na New York, ya jagoranci wani bincike da ake kira Jesup a gaɓar arewacin tekun Fasifik daga 1897 zuwa 1902, ya tara kaya masu ɗimbin yawa, yana nacewa a rubuto labarin kowane abu daga bakin masu shi. Amma a 1905 ya ajiye aikin ya mayar da hankali ga koyarwa a Jami'ar Kolumbiya, kuma a 1907 ya sake rubutawa a mujallar nan dai ta Science cewa abin da wannan ilimi yake nema da gaske, wato tunanin mutane da tarihin dangantakar al'adunsu, ba a iya nuna shi ta hanyar jera kaya ko yaya aka jera su, saboda kaya ɗan yanki ne kawai na rayuwar al'umma. A ganina nan ne al'amarin ya juya, domin mai wannan magana shi ne wanda ɗalibansa suka bazu suka kafa sassan antropoloji a jami'o'in Amurka. A Ingila ma haka ta kasance bayan masanin antropoloji Bronislaw Malinowski ya zauna a tsibiran Trobriand da ke tekun Fasifik tsakanin 1915 da 1918, ya koyi harshen mutanen, ya wallafa sakamakon a 1922. Daga nan gwanin fagen ya zama wanda ya je ya zauna da mutane ya saurare su. Ƙasar Hausa ta ga wannan salo a Zazzau, inda tsakanin 1949 da 1950 Mary Smith ta rubuta tarihin rayuwar wata tsohuwa, Baba ta Karo, daga bakinta da Hausa, aka buga shi da Turanci a 1954.

Malamai sun koma jami'a, amma ba a rufe ƙofar rumbu ba. Shekarun da ilimin ya juya wa kaya baya su ne shekarun da mulkin mallaka ya zauna daram a Afirka, kuma kaya suka ci gaba da shigowa ta hannun waɗanda nazari ba sana'arsu ba ce: ma'aikatan mulki da suka yi ritaya, sojoji, 'yan mishan, 'yan kasuwa, da magadan da suka tarar da akwatuna a ɗakin kakansu. A duba irin katin da ake yawan samu tare da babbar rigar Hausa a waɗannan rumbuna. Akwai lamba, akwai sunan ƙabila, akwai sunan wani faffaɗan yanki a matsayin inda ta fito, sai cikakken sunan Baturen da ya bayar da ita da shekarar da ya bayar. Rigar nan kuwa ta bi ta hannun masaƙi, da maɗinkin da ya harhaɗa siraran saƙar, da marini, da mabugin da ya buge ta har ta yi sheƙi, da malamin da ya zana mata aska takwas, da wanda ya shafe watanni yana bin zanen da allura. Babu ko ɗayansu a katin, haka nan babu bayanin ko sarki ne ya yi kyauta da ita, ko a kasuwar Kurmi aka saye ta, ko a fagen fama aka tuɓe ta daga jikin mai ita. Tsarin da ya ɗauki abu a matsayin samfurin ƙabila bai ga amfanin waɗannan tambayoyi ba, waɗanda suka gano amfaninsu kuma hankalinsu ya riga ya koma wani wuri.

Da ƙasashen Afirka suka sami 'yancin kai suka fara neman kayansu, wannan giɓi suka tarar. Yarjejeniyar UNESCO (hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya) ta 1970 ta hana fataucin kayan tarihi ta haramtacciyar hanya, amma ba ta shafi abin da aka ɗauka kafin ta ba. A bikin al'adun baƙar fata na duniya, wato FESTAC, na 1977 a Legas, kwafin fuskar hauren giwa ta Idia, mahaifiyar wani tsohon sarkin Benin, aka sassaƙa don tambarin biki, ta ainihin tana Landan. A 1978 shugaban UNESCO na lokacin, Amadou-Mahtar M'Bow ɗan Senegal, ya yi kira a fili da a mayar wa al'ummomi muhimman kayan gadonsu. Amsar da aka fi ji ita ce kayan suna inda ake nazarinsu, alhali kaso mafi girma yana ƙunshe a rumbu ba a ko baje shi ba.

Binciken asalin kaya da ake ta yi yanzu ƙoƙari ne na cike wancan gurbi a makare. Shafin intanet na Digital Benin da aka ƙaddamar a Nuwamban 2022 ya tattara bayanan kaya 5,246 da ke cibiyoyi 131 a ƙasashe 20, ya haɗa su da sunayensu na harshen Edo da bayanan baka daga mutanen Benin. Kayan Benin ɗin ma su ne masu sauƙi, tunda an san fadar da aka kwashe su da shekarar da aka kwashe. Riguna da sirada da ƙore da layun da aka ɗauko ɗaya-ɗaya daga garuruwa da kasuwanni a tsawon mulkin mallaka sun fi su yawa nesa ba kusa ba, kuma kowanne sai an bi rajistar gidan da wasiƙun wanda ya bayar kafin a san ma garin da za a aika wa takarda.