Kano zuwa Jidda a Jirgin Sama: Nisa da Tsawon Tafiya

Kilomita nawa ne tsakanin Kano da Jidda?

Idan aka ja layi miƙe daga Filin Jirgin Sama na Malam Aminu Kano zuwa na Sarki Abdul'aziz da ke Jidda, nisan ya kai kusan kilomita 3,400. Layin yana ratsa Chadi da Sudan kafin ya tsallaka Bahar Maliya, wato kusan hanyar da alhazan zamanin da suke bi a ƙafa da kan dabbobi har su isa tashar jiragen ruwa ta Suwakin, tafiyar da kan ɗauki watanni, wani lokaci shekaru, har da dama daga cikinsu suka zauna a Sudan.

Awa nawa jirgi yake yi?

Jirgin fasinja da ya daidaita a sama yana gudun kilomita 800 zuwa 900 a awa ɗaya. Idan aka haɗa da lokacin hawa da na sauka, inda gudun yake raguwa, tafiyar kai tsaye takan kama tsakanin awa huɗu da rabi zuwa biyar.

To me ya sa tikiti yake nuna kusan awa bakwai a zuwa, amma ƙasa da uku a dawowa?

Nan ne matafiya suka fi rikicewa, kuma agogo ne ya jawo. Saudiyya tana gaban Najeriya da awa biyu, shi kuwa tikiti yana rubuta lokacin tashi da agogon garin da aka bari, lokacin sauka kuma da agogon garin da aka nufa. Jirgin da ya bar Kano da ƙarfe 10 na dare, ya yi awa huɗu da rabi a sama, zai sauka agogon hannun alhaji yana cewa 2:30, alhali na bangon filin Jidda yana cewa 4:30, an kusa kiran asuba. A dawowa lissafin juyawa yake yi: wanda ya taso da 10 na safe zai iso Kano da 12:30 na rana. Mai zuwa tarbar alhaji ya kamata ya riƙe wannan, don lokacin saukar da ke tikitin an riga an mayar da shi agogon gida.

Shin jirgi yana bin layin nan miƙe kullum?

Ba kullum ba. Yana bin hanyoyin da masu kula da zirga-zirgar jirage suka tsara, yana kauce wa hadari, iska kuma tana iya tura shi ko ta riƙe shi. Babban misali shi ne abin da ya faru a watan Afrilun 2023, lokacin da yaƙi ya ɓarke a Sudan aka rufe sararin samaniyar ƙasar, dole jiragen alhazan wannan shekara suka riƙa zagaye, wanda ya ƙara lokaci da kuɗin mai.

Idan aka yada zango fa?

Mai bi ta Alƙahira ko Addis Ababa yana iya shafe yini guda ko fiye, kuma zaman jiran jirgi na biyu ne yakan cinye mafi yawan lokacin. Sauka a Jidda ma ba ita ce isa ba ga maniyyaci, domin akwai layin duba fasfo da jiran kaya, sannan tafiyar mota ta sama da awa ɗaya zuwa Makka.