Bindigar farauta ta oda: ina kuɗin ke tafiya, kuma yaushe farashi ke zama ƙwara?

A Ingila da Amurka akwai mafarauta da masu gasar harbi da ba sa sayen bindigar kanti. Wurin maƙeri suke zuwa, a auna tsawon hannunsu da faɗin kafaɗarsu, a ƙera musu tasu. Kuɗin da ake caza kan sa mai ji ya riƙe baki.

Wai nawa ake magana?

A Amurka ana samun bindigar farauta ta masana'anta da 'yan ɗaruruwan daloli. Wadda maƙeri ya harhaɗa wa mutum daga zaɓaɓɓun sassa kuwa sai an ƙirga dubbai. Landan ita ce ƙarshen tsada. Tsofaffin gidajen ƙira irin su Purdey, da aka kafa a 1814, da Holland & Holland na 1835, bindigarsu mai baki biyu ta farautar manyan namun daji tana haura fam 100,000, kuma mai oda kan jira fiye da shekara kafin ta zo hannunsa.

Ina duk wannan kuɗi ke shiga?

Mafi yawansa ladan hannu ne. Ba mutum ɗaya ke yin bindigar Landan ba. Mai aikin bututu daban, mai haɗa ƙarafan ciki daban, mai sassaƙa gindi daban, sai mai zanen ado, sai mai gamawa, kuma kowannensu ya shafe shekaru a gaban maigida kafin a bar shi ya taɓa kayan oda. Awannin aikin ɗaruruwa ne. Itacen gindin, wato walnut, yawanci daga Turkiyya ake kawo mai kyaun, a ajiye shi shekaru ya bushe, bayan sassaƙa kuma a yi ta shafa masa mai da hannu ana jira ya sha, mako bayan mako.

Mai baki biyu tana da wata wahalar ta daban. Dole bututun dama da na hagu su kai harsashi wuri guda, alhali kowanne da halinsa. Sai maƙeri ya je filin gwaji ya harba, ya gyara, ya sake harbawa, har su daidaita. Daga nan dokar Birtaniya ta wajabta a kai ta gidan gwaji na Landan ko na Birmingham, wanda aka kafa a 1813, a buga mata hatimi kafin a sayar. A Amurka kuma akwai harajin kashi 11 cikin 100 kan dogayen bindigogi, wanda dokar Pittman-Robertson ta 1937 ta ware don kula da namun daji, ko da yake an yafe wa ƙananan maƙera masu yin ƙasa da 50 a shekara.

Ke nan mai tsada ta fi saiti?

Ba dole ba, kuma a nan ne masu saye da yawa ke ruɗuwa. Injinan da kwamfuta ke sarrafawa sun sa saiti ya yi arha ƙwarai. Yau akwai bindigogin kanti da kamfaninsu ke ba da tabbacin za su tara harsasai cikin inci ɗaya daga nisan yadi 100. Abin da oda ke ƙara wa mutum shi ne dacewa da jikinsa, da kyaun aiki, da ƙarko. Kamar babbar riga ce ta aikin hannu da ta keke: duka suna suturta mutum, amma wanda ya san watannin da mai allura ya yi a zaune ba zai taya su kuɗi ɗaya ba.

To, yaya za a gane farashin adalci?

Maƙeri na gari ba ya ɓoye lissafi. Zai rubuta kuɗin kowane sashe, da ladan aikinsa, da kafin alƙalamin da za a bayar, da lokacin da ake sa ran gamawa, da abin da zai yi idan bindigar ta kasa saitin da ya yi alkawari. Ƙwara ita ce a ɗaura sassan da kowa ke iya saya, a yi fenti, a caji kuɗin aikin hannu. Sai dai ni abin da ya fi damuna shi ne akasin haka. Maƙeri mai zaman kansa yana biyan haya da lasisi da inshora da injina, kuma idan hannu ya goce itacen ya lalace, asarar tasa ce. Mai saye da ya tara farashin sassa a intanet ya ce sauran duk riba ce, ya ci haƙƙin gumin mutum.

Suna fa, shi ma ana biyansa?

Ana biya, kuma ba laifi muddin mai saye ya sani. Purdey na ƙarƙashin Richemont, kamfanin kayan alatu mai Cartier, tun 1994, Beretta, kamfanin bindigogi na Italiya, kuma ya sayi Holland & Holland a 2021. Wani kaso na kuɗin na tarihin gidan ne da shago a unguwar masu kuɗi ta Landan irin Mayfair.

Idan mutum ya tashi sayarwa, kuɗinsa zai dawo?

Da wuya ya dawo duka. An yanka gindin daidai jikin mai ita, mai saye na biyu kuwa jikinsa daban ne. Masu manyan sunaye sun fi riƙe daraja a gwanjo, amma can ma sai an cire la'adar 'yan gwanjo kafin kuɗi ya zo hannu.