Waiwaye: Tun ranar sallamar 'yan Burma aka ƙulla wannan rigima

Duk watan Janairu sai gardamar haƙƙin tsofaffin sojoji ta dawo. Ana shirin ranar tunawa da 'yan mazan jiya, ana maƙala jan fure a ƙirji, a gefe guda kuma ga tsofaffin sojoji sun yi zaman dirshan a Abuja suna neman fansho da kuɗin sallama. Wasu na cewa matsin tattalin arziki ne ya kawo haka, wasu na cewa lalacewar zamani ce. Wanda ya bi sawun lamarin zai ga cewa ya girmi Nijeriya mai 'yancin kai.

Farkon labarin sananne ne. A 1863 aka tara dakarun da ake kira Hausawan Glover a Legas, da sunan hafsan Birtaniya da ya tara su, daga baya aka kafa rundunar Afirka ta Yamma, har Hausa ta zama harshen bariki. Sun yi yaƙi a Kamaru daga 1914 zuwa 1916, sun je Habasha a 1941. Sai yaƙin Burma, a cikin Yaƙin Duniya na Biyu, inda runduna ta 81 da ta 82 suka gwabza da Japan a kwarin Kaladan da dazukan Arakan. Sunayen barikokinmu shaida ne: Dalet da Kalapanzin a Kaduna, Chindit a Zariya, Myohaung a Legas. Mutane na wucewa ta ƙofarsu kullum ba tare da sanin cewa sunaye ne daga fagen dagar Burma ba.

Abin da ba a cika tsayawa a kai ba shi ne sallamar da aka yi a 1945 da 1946, kuma a ganina a nan aka dasa tushen matsalar. Yaƙi ya ƙare a watan Agusta na 1945, amma da yawa sun yi watanni suna jiran jirgin ruwa, sai cikin 1946 suka taka gida. Cikinsu har da 'yan dako, waɗanda suka ɗauki harsashi da abinci a ka, suka ratsa tsaunukan da mota ba ta hawa. Wanda aka ɗauka don yaƙin kaɗai, in ba rauni ya samu ba, galibi ba shi da fansho. Kuɗin sallama ne sau ɗaya, da lambar yabo, da ɗan littafin sallama, shi ke nan. Kuɗin ma da launin fata aka auna shi: takardun 1945 da aka tono sun nuna cewa a Gabashin Afirka farabiti Bature na samun sule 10 a kan kowane watan aiki, baƙar fata kuwa sule 3 da sisi.

An yi dokar bai wa tsofaffin soja fifiko wajen ɗaukar aiki, sai dai guraben ba su kai yawan mutanen ba. Wanda ya koyi tuƙi ko kanikanci a soja ya samu abin yi. Sauran suka ƙare a gadi da masinja, ko suka koma gona da zazzaɓin daji da firgitar dare da ba mai magani. Littafin sallamar nan shi ne kaɗai shaidar mutum. A gidaje da yawa an naɗe shi a tsumma an jefa cikin adaka, gara ta ci, ko gobara ta tafi da shi, kuma daga ranar nan shekarun da mutum ya yi a bakin daga sun zama labarin baki. Wannan ya fi komai yi mini ciwo.

Sojojin Afirka da aka yi wa irin wannan ba su yi shiru ba. A Thiaroye kusa da Dakar, ranar 1 ga Disamba 1944, rundunar Faransa ta buɗe wuta a kan sojojinta 'yan Afirka da suka dawo daga Turai suna neman albashinsu. A Accra, ranar 28 ga Fabrairu 1948, an harbe Saje Adjetey da Kofur Attipoe da Farabiti Odartey Lamptey suna tattakin kai koke. A ƙasashen renon Faransa, har da Nijar, dokar 1959 ta daskarar da fanshon tsofaffin soja a wuri ɗaya, aka shafe shekaru fiye da 40 kafin a soma gyarawa.

Bayan 'yancin kai an canza tuta, an canza kaki, ranar tunawa ma ta tashi daga 11 ga Nuwamba ta koma 15 ga Janairu, ranar da yaƙin basasa ya ƙare a 1970. Tsarin sallama dai ya zauna kusan yadda aka gada. Yaƙin basasa ya bar soja kusan 250,000, da aka zo rage su sai aka sake bin tsohuwar hanya: a sallami mutum, nauyin tabbatar da aikinsa ya koma wuyansa. Shi ya sa har yau dattijo mai sanda ke yin doguwar tafiya zuwa tantancewa, matar sojan da ya faɗi a Arewa maso Gabas kuma ana tambayarta takardun da mijinta ne kaɗai ya san inda suke.