Wai kifi baya jin zafi?

Har yanzu mutane da yawa sun ɗauka kifi baya jin zafi, wai tunda baya kuka. To ba haka bane fa. A 2003 wata masaniyar kimiyya mai suna Lynne Sneddon da abokan aikinta a Birtaniya sun gano jijiyoyin jin zafi a fuskar wani kifin ruwan sanyi, da suka yi masa allurar asid a leɓe sai ya daina cin abinci yana ta goga bakinsa a tsakuwa, da aka bashi maganin kashe zafi kuma abin ya ragu sosai. Dokar Tarayyar Turai ta 2010 kan gwaji da dabbobi ma ta haɗa da kifi, dole mai bincike ya rage masa wahala kamar yadda zai yiwa ɓera.