Ƙarancin kayan gyaran lantarki a Damagaram: ga amsoshin tambayoyinku

Masu haɗa inbata (na'urar da ke mayar da wutar batir irin ta gida), masu gyaran waya da rediyo, da yaran da ke koyon aiki, tambayoyinku iri ɗaya ne kullum. Bakina ya gaji da maimaici. Ga su a rubuce, kowa ya karanta kafin ya sake tare ni a hanya.

Wai da gaske kaya sun yi wuya, ko 'yan kasuwa ne ke ɓoyewa?

Duka biyun. Amma ƙarancin ne ya fara, ɓoyon ya biyo baya.

Me ya haɗa rumfata da abin da ke faruwa a Taiwan?

Komai. Ba a ƙera aisi, wato ɗan guntun nan mai ƙafafu da ke sarrafa aikin na'ura, a Nijar, ba a ƙera shi a Najeriya. Kamfanin TSMC na Taiwan shi ne kan gaba wajen ƙera wa duniya. Da korona ta shigo a 2020, masu ƙera motoci suka soke odarsu, masu kwamfuta da waya suka kwashe gurbin. A 2021 kuma abu ya taru: sanyi ya tsayar da masana'antun Texas ta Amurka a Fabrairu, gobara ta ci wani sashe na masana'antar Renesas a Japan a Maris, Taiwan ta yi fari alhali aikin nan ruwa yake sha. Manyan kamfanoni suka koma jiran wata shida ko fiye. In mai ƙera mota yana bin layi, kai da ke gefen Kasuwar Dole wa zai waiwaye ka?

To ai korona ta wuce.

Ta wuce. Yanzu ciwonmu hanya ce. Ka tuna Najeriya ta rufe iyaka daga Agusta 2019 har Disamba 2020. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023 takunkumin CEDEAO (ECOWAS) ya sake toshe ta, sai a Fabrairu 2024 aka ɗage. Kayan da suka saba sauka a Kwatano suka koma zagayen Lome da Burkina. Ƙananan kayanmu kuwa yawanci daga Shenzhen suke tasowa, su sauka Legas, su hau Kano, sannan su shigo mana ta Matamai ko Magarya. Kowane zango akwai mai cin riba, ga duwan, ga canjin naira da sefa.

Yaushe kayana zai iso?

Tambayi direba. Kuma ka daina yanka wa mai kaya rana alhali abin bai shigo hannunka ba.

Ban samu lambar da ta ƙone ba. Zan iya sa wata?

Yawwa, wannan ita ce tambaya. Zauna, ƙanena, don ba ta da amsa guda.

Wani lokaci eh. A cikin aisi, TL494 da KA7500 suna maye gurbin juna, haka SG3525 da KA3525. Amma TL494 da SG3525 duka ƙafa 16 gare su, kuma in ka sa ɗaya a mazaunin ɗaya ka kashe aiki. Kamannin jiki ba hujja ba ne. Ka sauke takardar bayanin kowace lamba a wayarka, kyauta ce, ka jera su ka duba ƙafa da ƙafa.

Mosfet, wato makunnin nan mai ƙafa uku da ke buɗe wa wuta hanya ya rufe, ya fi rikici. Ɗauki IRF3205 da IRFZ44N: duka bolt 55 ne, ƙafafunsu a tsari ɗaya, amma na farko amfiya 110 aka rubuta masa, na biyu 49. In ka cire 3205 ka sa Z44N zai tashi, mai kaya ya tafi yana murna, sai ranar da ya jona firiji hayaƙi ya tashi. In ka juya, ka sa babban a gurbin ƙarami, yawanci lafiya. Na ce yawanci, don ƙofar babban, wato ƙafar da ake kunna shi da ita, ta fi nauyin buɗewa, kuma in abin da ke tura ta ba shi da ƙarfi, zafi zai yi duk da girmansa. Sai ka gwada da lodi, ka bar shi ya jima, ka taɓa ƙarfen sanyaya ka ji.

Akwai kuma maganar bolt. A inbatar da ake tura taransifoma ta gefe biyu, mosfet yana ganin ninkin na batir. Batir mai bolt 12 ba damuwa. Mai 24 kuwa ya kusa 55 ɗin nan ƙwarai, gara ka nemi mai 75 kamar 75NF75. In kuma mosfet da yawa ne a jere suna raba nauyi ɗaya, kada ka gauraya lamba biyu a layi ɗaya. Kamar ka ɗaura amalanke wa sa da jaki ne, ɗaya zai ɗauki nauyin ya faɗi. Ka canza layin gaba ɗaya ko ka haƙura.

Kondansa, mai ɗan adana wuta, da sauƙi: bolt ya kai ko ya fi, ƙima ta zo daidai ko kusa. Amma ka dubi zafin da aka rubuta a jikinsa. A garin da Afrilu da Mayu ke wuce digiri 40 a inuwa, mai 105 za ka sa, ba mai 85 ba, don duk ƙarin digiri 10 yana raba kwanansa kusan biyu.

Inda ba na yarda sam shi ne aisin da ke ɗauke da manhaja. Sabon da ka sayo fanko ne, ko da lambar ta zo ɗaya. Sai dai ka ciro daga irin na'urar da ta mutu, shi ma ba kullum yake karɓa ba. Kuma in na'urar asibiti ce, ba a gwaji da ita. A jira na asali.

Ya zan gane jabu?

Araha ce alamar farko. Sannan ka goga tinna a bayansa. In baƙin fenti ya biyo auduga, an kankare tsohuwar lamba an buga sabuwa. Duba ƙafafu, in da ragowar dalma an taɓa aiki da shi. In da yawa ka saya, ka sadaukar da ɗaya, ka fasa shi da filaya ka haɗa da wanda ka ciro na asali. Ƙwayar cikin jabu ƙarama ce sosai, ido ma yana gani. Mita kaɗai ba za ta tona shi ba, don ba lodi jabu ma lafiya yake nunawa.

Laifi ne in ciro daga matattun na'urori?

Wane laifi? Kwantar da hankalinka. Mosfet ɗin da ya fito daga tsohuwar na'ura mai kyau ya fi sabon jabu sau goma. Ku ƙulla zumunci da 'yan jari-bola, ku roƙe su kada su farfasa allunan kafin ku gani. Kondansa mai ruwa kawai nake hana ku, ya riga ya tsufa a ciki. Kuma ka faɗa wa mai kaya cewa na hannu ka sa masa. Masu karɓar kuɗin sabo su liƙa tsoho su ne suka ɓata mana suna a garin nan, kuma ba ƙarancin kaya ne ya sa su ba.

In tara kaya da yawa ke nan?

A'a, kada ka binne jarinka. Buɗe littafi ka riƙa rubuta abin da ya fi ƙonewa a hannunka, shi za ka saya kafin bazara ta kama, lokacin da kowa ke neman abu ɗaya. Ku haɗa kuɗi ku uku ko huɗu, mutum ɗaya da ya san kaya ya je Kano, maimakon kowa ya aika direban da bai san lamba ba. In sun zo kada ka zube su a gwangwani cikin ƙura. A hunturu iska bushe take, tartsatsin da ke fita daga yatsanka ya isa ya kashe mosfet tun bai hau allo ba. Ka bar su a ledarsu mai ƙyalli, ka taɓa ƙarfe kafin ka ɗauka.