Kwanciyar aure bayan jinyar sankarar bakin mahaifa: halin da matan Indunisiya ke ciki

A Indunisiya, in ka cire sankarar mama, ba wadda ta fi kama mata kamar ta bakin mahaifa. Sababbin masu cutar sun haura 36,000 a shekarar 2020, kuma akasarinsu sai ciwo ya yi nisa suke isa asibiti. Shi ya sa a manyan asibitocin Jakarta irin su Dharmais da Cipto Mangunkusumo gashi da na'ura, wato haska wa ciwon haske mai ƙarfi don a ƙona shi, ne babban magani, sau da yawa haɗe da allurar kemo mai kashe ƙwayoyin sankara. Sai a sallami mace, kunya ta hana ta tambayar yadda za ta koma shimfiɗar mijinta, ma'aikata ma ba kasafai suke tayar da zancen ba.

Gashi yana busar da farji, fatar cikinsa ta yi siriri, tabo ya tsuke shi ya rage masa zurfi. Yana kuma dakatar da aikin ƙwayayen haihuwa, al'ada ta ɗauke ko da mace ba ta kai arba'in ba, sha'awa ta ragu. Zafin saduwa daga nan yake, ba ƙin miji ba ne.

Maganin tsukewar wata sandar roba ce mai santsi da ke zuwa girma-girma. Idan raɗaɗin gashi ya lafa, galibi mako biyu zuwa takwas bayan gamawa, sai a fara da ƙaramar. A shafa mata man santsi mai ruwa-ruwa, a tura a hankali, a riƙa juyawa na minti biyar zuwa goma, sau uku a mako. Wadda ta yi sakaci, bangon farjin kan manne, har likita ya kasa duba ko ciwon ya dawo. Wadda aka cire wa mahaifa kuwa ta jira aƙalla mako shida bayan tiyatar kafin ta fara.

Babban kuskure shi ne komawa ga kayan matsi na gargajiya kamar tongkat Madura, irin dai namu na kayan mata. Wurin da gashi ya riga ya busar, ƙarin bushewa tsagewa yake jawowa.

Maigida ya sani: sankara ba ta yaɗuwa ta saduwa, kuma hasken gashin ba ya zama a jikin matarsa. In ana cikin kemo, a sa kwaroron roba. Ɗigon jini kaɗan bayan saduwa ba abin tsoro ba ne, amma jini mai yawa ko ruwa mai wari, a koma asibiti ranar.